Ginin da Ya Koma Majigi

A watan Satumba na shekarar 2023 aka buɗe wani gini a birnin Las Begas na Amurka, mulmulalle kamar ƙwallo, ana ce da shi Sphere, wanda ya ci dala biliyan 2.3, aka lulluɓe bayansa da fitilu fiye da miliyan ɗaya, ta yadda yanzu sai ka gan shi farin wata, an jima ƙwayar ido mai ƙiftawa, can kuma tallan hajar wani kamfani. Cikinsa ma haka yake: allo ya mamaye bango da rufi, kujera na girgiza, ana hura wa mai kallo iska da ƙamshi har ya manta inda yake zaune.

Ban musanta hikimar da ke cikin wannan aiki ba, domin tauye wa ma'abota ilmi haƙƙinsu zalunci ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tun zamanin magabata, gwanintar magini tana ga yadda yake karɓar hasken da Allah Ya saukar, ya tace shi, ya raba shi tsakanin sarari da inuwa, har wanda ya shigo tsohon zaure da azahar, bayan rana ta gasa masa ƙeya, ya tsaya idonsa ya washe, ya dafa bango ya ji sanyin ƙasa a tafinsa, natsuwa ta sauko masa ba tare da an nuna masa komai ba. Bangon da ke sauya fuska kowane minti kuwa, da wace kama yaron unguwa zai tuna shi idan ya girma?

Ba na'ura nake ƙi ba. A Cibiyar Duniyar Larabawa da ke Faris, wadda aka buɗe a 1987, mai zanen gine-gine Jean Nouvel da abokan aikinsa sun jera tagogi 240 bisa koyi da mashrabiyya, wato tagar raga ta Larabawa, ƙarafansu na buɗewa suna tsukewa gwargwadon ƙarfin rana. Ko da yake sun yi shekaru a lalace kafin a gyara, niyyar ta yi daidai, don a can na'ura hidima take yi wa haske da inuwa.

Shi ya sa na ji daɗi da magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya ƙi amincewa a gina irin wancan ƙwallo a unguwar Stratford cikin Nuwamban 2023, yana mai kafa hujja, cikin hujjojinsa, da cewa haskensa zai cutar da mutanen da ke kwana a kewayensa.