Tawul ɗin da Ba a Goge Hannu da Shi

Shekaru ɗari biyu da suka wuce, a gidajen manoma Jamusawa na jihar Pennsylvania ta Amurka, baƙo yakan tarar da wani dogon farin ƙyalle rataye a jikin ƙofar ɗakin zama. Sunansa tawul, siffarsa ta tawul, amma kaiton yaron da ya kuskura ya goga hannu a jikinsa. Na goge hannu yana can madafa. Wannan na kallo ne: faɗinsa kamar kamu biyu, tsawonsa kusan mita ɗaya da rabi, an zuba masa ɗawisu da furanni da taurari da jan zare da shuɗi, ga sunan budurwar da ta yi shi da shekarar da ta gama.

Kowa allurar yake fara yabawa. Ni kuwa ƙyallen kansa ne ke ɗaure min kai, domin daga gonar gidan ya fito.

Mutanen nan da sana'arsu suka ƙetaro teku. Iyalai 13 da suka taso daga garin Krefeld suka kafa Germantown kusa da Filadelfiya a 1683, da yawansu masaƙa ne, har suka sa furen lilin, shukar da ake saƙa ƙyallen da zarenta, a hatimin garin. Bayansu manoma suka yi ta kwararowa daga yankin kogin Rhine da Suwizalan da wasu wurare: 'yan ɗariƙar Mennonite suka sauka wajen Lancaster a 1710, 'yan Schwenkfelder suka iso a 1734. Kusan kowane gida sai ya ware ɗan fili don shukar lilin.

Wanda ya taɓa jiƙa rama ya ɓare ta zai gane rabin aikin. Ana yafa irin a cunkushe, don karan ya miƙe siriri ba rassa. Bayan kamar kwana 100 sai a tuge shi da saiwa, ba a yanka, saboda kada zaren ya gajarce. A tsefe 'ya'yan, waɗanda ake tatsar mai daga cikinsu, sannan a shimfiɗa karan a kan ciyawa raɓa ta yi ta dukansa har makonni, ana juyawa. Nan gwaninta take. In an kwashe da wuri, zaren ya ƙi rabuwa da kara; in aka yi jinkirin 'yan kwanaki, ya ruɓe, noman shekara ya tafi a banza. Ba agogo, ba ma'auni. Tsohuwa ce za ta tsinci kara ɗaya, ta karya shi tsakanin yatsu, ta duba yadda ɓawon ke saki, ta ce yau ko jibi.

Da ya bushe sai a farfasa shi a cikin wani katako mai haƙora, a kakkaɓe ɓawon da wuƙar itace, a ja shi ta cikin allon ƙusoshi, daga masu faɗin tsakani zuwa matsattsu. Guntayen da suka maƙale a ƙusa ba a yar da su, su ne na buhu da rigar gona. Dogayen, masu sheƙi kamar gashin da aka shafa wa mai, su ne na zanen gado da irin tawul ɗin nan. Duk tsawon hunturu mata na gindin keken kaɗi, ƙafa na taka feda, yatsu na tsoma ruwa, don lilin ba ya kwanciya sai da danshi. Saƙa kuwa yawanci aikin maza ne masu sana'ar. A kai musu zare, a karɓo ƙyalle mai ruwan ƙasa, a wanke da ruwan toka, a shanya a ciyawa, a yayyafa ruwa, a sake, har rana ta mai da shi fari. Daga shuka zuwa nan, shekara ta zagayo.

Sai yanzu yarinya za ta ɗauki allura, kuma yanzu ne asirin kaɗi zai tonu. Ba ta zana komai a jikin ƙyallen. Ƙirga zare take: kowane ɗinki ɗan gicciye ne da ya haye adadin zare iri ɗaya a tsaye da a kwance. Idan mai kaɗi ta yi kauri nan, siriri can, tauraro zai fito a karkace, ɗawisun dama ya fi na hagu ƙiba. Shi ya sa idan na ga tawul da tsuntsayensa biyu suka fuskanci juna daidai wa daida, hannu uku nake yabo: na mai kaɗi, na masaƙi, na mai allura. Shuɗin na baba ne, jan kuma auduga ce ta saye wadda ba ta zuba. A ƙasan wasu tawul ɗin akwai abin da ya fi wannan wuya: ta zare wasu zaruruwa ɗaya bayan ɗaya har wurin ya koma raga, ta ɗaure, sannan ta cike barewa ko fure da farin zare. Kuskure ɗaya da almakashi, ba gyara.

Akasarin waɗanda suka rage an yi su ne tsakanin 1820 da 1850, kuma yawanci kafin aure, a adana cikin akwatin katako mai fenti tare da zannuwan gado da aka ɗinka wa haruffan suna da lamba. A al'adarsu mace na ajiye sunan gidansu ranar aure ta ɗauki na miji. Takardun fili da na haraji sunan maigida suke ɗauka. Saboda haka jikan jika da ke neman asalin kakarsa yakan bi takarda har ta ƙare masa a "matar wane", sai ya buɗe akwati ya tarar da cikakken sunanta na budurci da shekara, da hannunta ta ɗinka. Da wannan suna sai ya koma littafin majami'a ko baibul ɗin gida, ya gano ubanta da ƙauyensu. Bargunan da masaƙa suka riƙa yi da na'urar Jacquard a shekarun 1830 ma suna taimakawa, don a kusurwarsu ake saƙa sunan masaƙi da na mai kaya da gari da shekara.

Yadin auduga na masana'anta ya shigo da araha, zuwa tsakiyar ƙarni na 19 gonakin lilin suka koma na alkama da masara. Tawul ɗin da yawa suna gidan tarihi na Schwenkfelder a Pennsburg da na Landis Valley a Lancaster, wasu kuma har yau suna hannun iyalai. Masu adana su ba sa ninkewa, don lilin a kan ninki yake karyewa. Naɗe su suke a jikin kwali mai siffar bututu, nesa da hasken rana. A saman wasunsu har yanzu ana ganin 'yan madaukai biyu da ake saƙalawa a ƙusoshin ƙofa.