Hannu Biyu a Kan Fiyano: Tarken Juzu'in Farko na "Mikrokosmos" na Bela Bartok

1.0 Gabatarwa

Fiyano abin kiɗa ne na Turai mai maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, waɗanda aka jera daga kakkaurar murya a hagu zuwa siririya a dama. Yaro kan iya koyon fitar da karin waƙa da hannu ɗaya cikin 'yan kwanaki, amma ranar da aka ce ya haɗa hannuwa biyu, nan gizo ke saƙa. Domin haye wannan mataki ne masu tsara kiɗa suka rubuta gajerun kiɗe-kiɗe masu sauƙi don 'yan koyo. Wannan maƙala za ta yi tarken ɗaya daga cikin fitattun littattafan wannan fanni, watau juzu'in farko na "Mikrokosmos" na Bela Bartok, a gwada shi da waɗanda suka gabace shi. Ma'aunin da za a yi amfani da shi guda ne: wane aiki aka ba hannun hagu? Amsar wannan tambaya ita ke nuna ko sauƙin kiɗa zai kai ɗalibi gaba, ko kuwa zai sangarta shi.

2.0 Littattafan da Suka Gabata

A 1725 Johann Sebastian Bach ya buɗe wa matarsa Anna Magdalena wani kundi da iyalin gidan suka riƙa kwafe kiɗe-kiɗe a ciki. Daga nan aka samo kiɗan rawar nan mai bugu uku-uku da 'yan koyo ke bugawa a ko'ina, wanda aka daɗe ana jingina wa Bach, sai a shekarun 1970 bincike ya nuna na Christian Petzold ne. A cikinsa hannun hagu yana da nasa karin, mai tafiya a tsanake ƙarƙashin na dama. Kyansa ke nan, kuma wahalarsa ke nan, domin ya fi ƙarfin wanda bai taɓa haɗa hannu ba.

Carl Czerny (1791-1857), almajirin Beethoven kuma malamin Liszt, ya bi wata hanya dabam. A darussansa na masu farawa, yawanci hannun dama ke riƙe da kari, na hagu kuwa yana ta maimaita dunƙulen sauti uku, ko a tare ko a warware: ƙasa, sama, tsakiya, sama. Wannan salo yana saurin daɗaɗa kunne, har iyaye su ji ɗansu ya fara kiɗa. Illarsa ita ce hannun hagu ya kan saba da zaman barantaka, yana aiki ba tare da kunnen mai shi yana sauraronsa ba.

Robert Schumann, a littafinsa na yara mai kiɗe-kiɗe 43 wanda ya fito a 1848, ya fi tausaya wa hagu. Alal misali, a kiɗa na 10, mai siffanta manomi yana dawowa daga gona cikin nishaɗi, hagu aka danƙa wa karin, dama ta koma rakiya. Sai dai littafin bai fara daga tushe ba, ya ɗauka cewa yaro ya riga ya yi nisa.

3.0 Bartok da Littafinsa

An haifi Bela Bartok a ƙasar Hungari ta wancan zamani a 1881, ya mutu a Niyok a 1945. Makaɗin fiyano ne, malami, kuma manazarcin waƙoƙin gargajiya. Ya shafe shekaru yana bin ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya yana tattara waƙoƙin manoman Hungari da Romaniya da Sulobakiya, har ya je yankin Biskara na Aljeriya a 1913, da Turkiyya a 1936. Ya rubuta "Mikrokosmos", wanda ma'anarsa ƙaramar duniya, tsakanin 1926 da 1939, aka buga shi a 1940. Kiɗe-kiɗe 153 ne cikin juzu'i shida, an jera su daga mafi sauƙi zuwa waɗanda ƙwararru ke bugawa a gaban jama'a. Juzu'i biyu na farko ya sadaukar da su ga ɗansa Peter, wanda shi da kansa ya koya wa fiyano. Juzu'in da a ke magana a kai ya ƙunshi kiɗa na 1 zuwa na 36.

4.0 Zubi da Tsari

Kiɗa shida na farko kari ɗaya ne hannuwa biyu ke bugawa a lokaci guda, ɗaya da siririyar murya, ɗaya da kakkaura, tamkar mace da namiji suna rera waƙa ɗaya. Kowane hannu yana zaune a kan maɓallai biyar ba ya gusawa. Mai kallo daga nesa sai ya ce ai wannan wasa ne. Amma in aka dubi halittar hannu, za a ga akwai aiki. Hannuwan mutum kishiyoyin juna ne: in aka kifa su a kan maɓallai, manyan yatsu biyu ke fuskantar juna. Saboda haka sautin da dama ke taɓawa da babban yatsa, hagu da ƙaramin yatsa za ta taɓa irinsa. Yatsan tsakiya kaɗai ke haɗuwa da ɗan'uwansa. Ke nan kunne yana jin abu ɗaya, alhali yatsu suna aiki biyu. Tun darasin farko an raba hannuwan ba tare da an firgita kunne ba, kuma in hagu ta kuskure, yaro da kansa zai ji saɓanin nan take.

Daga nan sai a riƙa ƙara wahala ɗaya tak a kowane mataki. A na 10 hannuwa na karɓa-karɓa. A na 11 suna tafiya fuska ɗaya, amma kowane daga nasa sautin. A na 12 kuwa, wanda aka raɗa wa suna daga hoton da madubi ke mayarwa, in dama ta hau sai hagu ta sauka. A nan lamarin ya juye: yatsu iri ɗaya ke motsi tare, kunne kuma ya fara jin murya biyu. Abin da ya sauƙaƙa ga yatsa ya tsananta ga kunne. Wannan musayar nauyi tsakanin yatsa da kunne ita ce babbar hikimar juzu'in.

Daga na 22 aka shiga kwaikwayo, inda hannu ɗaya ke fara jimlar kiɗa, ɗaya ya biyo sawunsa da irinta kafin na farko ya dire. Wanda ya san yadda 'yan amshi ke karɓa tun jagora bai rufe baki ba zai gane abin da a ke nufi, sai dai a nan jagorancin yana zagayawa, yau dama gobe hagu. A na 28 an tsananta ƙa'idar: hannu na biyu yana maimaita karin na farko daki-daki, yana biye da shi a baya. Ɗalibin da ya iso nan ya mallaki abin da kiɗan Petzold ke buƙata, watau sauraron murya biyu masu cin gashin kansu.

Bugu da ƙari, Bartok bai tsare yaro a cikin ma'aunan sauti biyu da suka mamaye kiɗan Turai na ƙarni na 18 da na 19 ba. Na 32 da na 34 an gina su a kan tsofaffin ma'aunai irin waɗanda ya tarar a bakin ƙauyawa. A juzu'i na gaba akwai kari mai sauti biyar, sannan a na 113 akwai bugu bakwai irin na rawar Bulgeriya, wanda a ke ƙirgawa biyu, biyu, uku. Har ila yau, ya rubuta saurin da ya ke so a bi da tsawon lokacin kowane kiɗa, wasu ba su kai rabin minti ba. Gajartar tana da amfani, domin yaro zai iya maimaita darasi sau da yawa kafin hankalinsa ya gudu.

5.0 Rauni

Ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa abin gyara a littafi. Na farko, kiɗe-kiɗen farko sun bushe. Babu karin da yaro ya sani daga gida, balle ya yi marmarin bugawa ga 'yan'uwansa, kuma yaron da bai ji daɗi ba ba ya daɗewa a kan kujera. Peter Bartok ya yi sa'ar samun marubucin a gefensa. Ɗalibin da ke fama shi kaɗai, ko wanda malaminsa bai fahimci manufar kowane darasi ba, zai iya ɗaukar littafin a matsayin horo.

Na biyu, hannu ya kan daɗe a kan maɓallai biyar, ba a koya masa zura babban yatsa ƙarƙashin sauran don ya yi tafiya mai nisa, kuma ba a ba shi dunƙulen sauti. Alhali mafi yawan kiɗan da ɗalibi zai tarar nan gaba, na Mozart ne ko na coci ko na zamani, kari ne a dama da rakiya a hagu. Abin da Czerny ya cika, Bartok ya rage. Wanda ya ke son cike giɓin daga alƙalamin Bartok kansa sai ya nemi littafinsa na yara na 1908 zuwa 1909, wanda ya gina a kan waƙoƙin gargajiya na Hungari da Sulobakiya, inda babu wurin da a ke buƙatar buɗa hannu ya kai tazarar sauti takwas. Amma shi ma sai an yi 'yar tafiya kafin a iya shi.

6.0 Kammalawa

An ga yadda kundin gidan Bach ya ba hagu 'yanci amma ya yi wa mai farawa tsauri, da yadda Czerny ya sauƙaƙa ta hanyar mai da ita baranya, da yadda Schumann ya kan ba ta kari jefi-jefi. Bartok ya ɗora hannuwan a kan matsayi ɗaya tun sautin farko, ya kuma tsara matakan yadda wahala biyu ba sa haɗuwa a darasi guda. Ta wannan fuska juzu'in ya yi zarra, ko da ya ke bai isa ya zama abincin ɗalibi shi kaɗai ba. Sai an haɗa masa da kiɗe-kiɗe masu zaƙi daga wasu littattafan. Malamin da zai zaɓa wa ɗan koyo kiɗa mai sauƙi ya kamata ya fara buga rabon hagu shi kaɗai ya saurara. In ya ji yana da abin faɗi, to kiɗan zai koyar. In kuwa maimaici ne kurum, ya sani daɗin na ɗan lokaci ne. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka, kuma ba a jiran ranar ɗauka kafin a horar da na biyun.