Kashi Ɗaya Cikin Ɗari: Adon Gari, Amma Wa Aka Tambaya?

A 1959 hukumar sake gina birnin Filadelfiya ta Amurka ta kafa wata ƙa'ida: duk attajirin da ya karɓi fili daga hannunta don yin gini, dole ya ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ginin, ya yi aikin zane ko sassaƙa a inda kowa zai gani kyauta. Birane irin su San Faransisko sun bi sahu daga baya.

Da jin wannan sai mu ce madalla, an sa mai kuɗi ya tuna da masu tafiya a ƙasa. Kuma lallai an samu abin kallo. Mafi shahara shi ne aikin Claes Oldenburg na 1976, daura da ginin majalisar birnin: wannan ɗan abin da mata ke danne wanki da shi a igiya, aka ƙera shi da ƙarfe, tsawonsa ƙafa 45. Abin dariya ne, e, amma ya yi kyau. Ba gunkin wani basarake ba ne, kayan tsakar gida ne aka ɗaga sama, har ya zama alamar kwatance, kamar yadda mu ma muke cewa a haɗu a bakin masallacin Juma'a.

To ina gizo ke saƙar? A wajen filin. Hukumar da ta kawo ƙa'idar ita ce ta tashi unguwanni da sunan gyaran gari, ciki har da Black Bottom, inda akasari baƙaƙen fata ke zaune, a shekarun 1960. Mai gini da kwamitin hukuma su ne ke zaɓar mai zane. Wanda aka kwashe wa kaya ba ya cikin zaman. Ke nan kashi ɗaya ya ƙawata ƙofar ginin, casa'in da taran kuma sun ƙara tsadar haya a kewaye.

Mu mazauna Sabo ba sai an yi mana bayani ba. Mun ga yadda aka rushe Maroko a 1990, mun ga irin gidajen da suka tsiro a wurin. In wata rana Legas ta kwaikwayi wannan doka, muna maraba da ita, amma a rubuta a ciki cewa 'yan unguwa na da kujera a kwamitin zaɓe, kuma ana iya kashe kuɗin a bangon makaranta ko rumfar kasuwa. Muna da masu zayyanar bango da masu ɗinkin hula da ba su taɓa ganin takardar kwangila ba.