Yadda Aka Ƙirga Sauro a Garki

Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani bincike a ƙasar Garki, wadda yanzu ke cikin Jihar Jigawa. Ɗaya daga cikin manyan tambayoyinsu ita ce: feshin ɗakuna da raba magani za su iya katse yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro a irin wannan yanki?

Abin da ya fi burge ni, ba da feshin suka fara ba. Sai da suka shafe kusan shekara ɗaya da rabi suna awo kawai, damina da rani. Da mai gaggawa ne, da tuni ya raba magani ya koma gida yana shelar an samu sauƙi, alhali bai san yadda cutar take tun farko ba.

Duk bayan mako goma sai ma'aikata su zaga zaɓaɓɓun ƙauyuka. A tsire ɗan yatsa, a ɗiga jini kan gilashi, a bar shi ya bushe, a rina shi, sannan a duba ƙwayoyin cutar ta madubin likita, a rubuta sakamakon kowa da lambarsa.

Aikin sauro kuwa sai mai haƙuri. Da sassafe a shimfiɗa fararen ƙyallaye a daɓen ɗaki, a toshe ƙofa, a fesa maganin sauro, a ɗan dakata. Duk sauron da ya faɗo a tsince shi ɗaya bayan ɗaya da hantsaki. Wasu ma'aikatan kwana suke zaune, suna kama wanda ya sauka jikin mutum kafin ya yi cizo. A ɗakin gwaji sai a ware tamatar, domin ita ke cizo, a feɗe ta, a zaro jakar yawunta a gani ko tana ɗauke da cutar.

A 1972 aka fara feshi da sinadarin propoxur. Wasu ƙauyukan aka haɗa musu da magani, wasu feshi kaɗai, wasu kuma aka bar su don kwatance. Hikimar ita ce, idan damina ta yi ƙaranci zazzaɓi zai ragu ko'ina, kuma ba don ƙauyukan kwatancen ba, da sai a jingina nasarar ga feshi.

Cutar ta ragu ƙwarai inda aka haɗa feshi da magani, amma yaɗuwarta ba ta katse ba, kuma da aka tsayar da aikin ta dawo. Haka Molineaux da Gramiccia suka rubuta a rahoton binciken da aka buga a 1980, ba su ɓoye ba, kuma har yau masu lissafin yaɗuwar cutar suna aiki da alƙaluman Garki.