Ɗalibi da Kiɗan Nightwish: Matsayin Harshen Gida

Ɗalibin da ya kamu da son kiɗan simfonik metal galibi daga waƙoƙin pop na Ingilishi yake farowa, sannan ya gangaro kan Nightwish, ƙungiyar da aka kafa a ƙasar Finlan cikin 1996. Abin da ke fisgar hankalinsa shi ne yadda muryar Tarja Turunen, zabiyarsu har zuwa 2005, take ratsa rugugin jita da ganguna da salon opera. Sai dai abin lura shi ne, a faifansu na 2004, Once, waƙa ɗaya tak aka rera da harshen Finlan. Ashe ke nan, kafin waƙoƙin su iso kunnen ɗalibin, sai da mawaƙan suka jingine harshensu na gado.