Wa Ya Ƙirƙiro Kalmar? Sharhi a Kan Wata Maƙalar Gyara

A shekarar 2024 mujallar Autism ta buga wata gajeriyar maƙala ta masana shida, cikinsu har da Monique Botha da Robert Chapman da Nick Walker, dukkansu masu lalurar otizim, watau abin da wasu kafofin watsa labarai na Hausa kan kira galahanga. Batunta shi ne asalin kalmar nan ta Ingilishi wadda ake iya fassarawa da "bambancin ƙirar ƙwaƙwalwa". Ma'anar kalmar ita ce, saɓanin da ke tsakanin ƙwaƙwalen mutane halitta ce, ba lalle ya zama cuta ba.

An daɗe ana jingina ƙirƙirar wannan kalma ga Judy Singer ta Ostareliya, saboda kundin digirinta na 1998. Marubutan sun ce wannan jinginawa tana da rauni. Hujjarsu ta farko ita ce, ɗan jaridar Amurka Harvey Blume ya fitar da kalmar a mujallar The Atlantic cikin 1998, bai kuwa danganta ta ga Singer ba, sai ga jama'ar masu otizim da ke tattaunawa ta intanet. Hujja ta biyu ta fi nauyi. An gano rubutun 1996 daga zauren wasiƙu wanda Martijn Dekker ya kafa a ƙasar Holan, inda wani ɗan zauren ya riga ya bayyana ra'ayin a cike. Ita kanta Singer ta zauna a wannan zaure. Ke nan aikin gayya ne, in ji su.

Ta fuskar tarihin kalma, hujjar ta zauna daram, domin rubutu mai kwanan wata ya fi ƙarfin abin da aka saba faɗa. Manazarcin Hausa ba zai yi mamaki ba. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda ya fito tsakanin 1911 da 1913, sunan Frank Edgar ke bisa bangonsa, alhali malamai ne suka rubuta abin da ke ciki da ajami.

Amma fa maƙalar ta tsaya a rabin hanya. Cewa "gayya ce" yana sauke rawani daga kan mutum ɗaya, sai dai bai naɗa wa kowa ba. Jami'a ba ta ƙara wa gayya girma, ba ta ba ta kuɗin bincike. Mutum mai suna take ba. Waɗanda suka kwana suna muhawara a 1996 ba a biya su ko anini ba, sa'an nan ra'ayin nasu ya zama darasi a jami'o'i da abin horar da ma'aikata a kamfanoni, wasu na ci da shi. Wannan fuska ta lada, marubutan ba su tsaya a kanta ba, ko da yake Jim Sinclair, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Autism Network International a 1992, ya daɗe da kokawa da ita. Shi ne ya kwatanta mai otizim da ake gayyata taron masana da dabbar gidan zu mai ba da labarin kanta: ana son jin yadda take ji, ba a son jin fassararta.

Har wa yau, da sun kawo misalin inda aka yi daidai, da gyaran ya fi amfani ga ɗalibi. Michelle Dawson ta Kanada ma'aikaciyar gidan waya ce kafin ta shiga ayarin binciken Laurent Mottron a Montreal. A maƙalarsu ta 2007, wadda ta nuna cewa masu otizim kan ci maki mafi yawa a gwajin Raven fiye da na Wechsler, sunanta ne a farko, na Mottron a ƙarshe.