BABI NA HUƊU: AUNA SHIRYE-SHIRYEN GASA NA TALABIJIN DA MA'AUNIN FAGEN DAMBEN ƘASAR GANDI

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo bayanin ire-iren shirye-shiryen gasa da ake nunawa a talabijin, da hanyoyin da suke isa ga masu kallo a ƙasar Gandi da maƙwabtanta na Rabah da Wurno da Goronyo. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin auna uku daga cikinsu, wato Who Wants to Be a Millionaire da Big Brother Naija da kuma Musabaƙar Alƙur'ani Mai Girma. Ma'aunin da za a yi amfani da shi ba daga waje aka aro shi ba, daga fagen dambe aka ɗauko shi, domin da shi ne mutanen wannan yanki suka saba rarrabe gasar ƙwarai da wadda ba ta ƙwarai ba tun kafin zuwan akwatin talabijin. Abin da ake son ganowa shi ne, wa kowane shiri yake sakawa, kuma a kan me yake saka masa.

4.1 Ma'aunin Gasa a Ƙasar Gandi

Gasa ba baƙon abu ba ce ga Bahaushe. Akwai kacici-kacici da yara ke yi da dare, akwai kokowa da langa da dara, akwai kuma dambe wanda asalinsa wasan mahauta ne a lokacin kaka. Ƙasar Gandi tana da babban rabo a tarihin dambe, domin a cikinta aka haifi Muhammadu Bawa Ɗan'anace, makaɗin da ya ɗaukaka sunan Shago har ya game ƙasar Hausa. Idan aka dubi yadda ake gudanar da dambe, za a iya fitar da sharuɗɗa guda huɗu kamar haka:

(a) Ƙa'ida sananniya ce. Kowa ya san turmi uku ake yi, kuma wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ya yi kisa.

(b) Nasara a fili take. Ɗan kallo da idonsa yake ganin kisa, ba sai an zo an ba shi labari ba.

(c) Ƙofa a buɗe take. Duk wanda ya amince da ƙarfinsa yana iya ɗaure hannu ya shiga fage, ba a tambayar ɗan wane ne shi.

(d) Sakamako suna ne. Kuɗin da ake yi wa ɗan dambe kari da su suna ƙarewa, amma kirari da waƙa su ne ke wanzuwa, kuma garinsu yana da rabo a cikin wannan suna.

Ba ana nufin dambe ba shi da aibi ba. Akwai rauni a cikinsa, akwai camfe-camfe, kuma malamai da dama ba su yarda da shi ba. Abin da aka ɗauko kawai shi ne tsarinsa na fitar da gwani.

4.2 Who Wants to Be a Millionaire

An fara wannan shiri a Ingila a shekarar 1998. Ya shigo Nijeriya a 2004, Frank Edoho yana gabatarwa, kamfanin MTN kuma yana ɗaukar nauyi. An dakatar da shi a 2017, sannan aka dawo da shi a 2022. A zubinsa na farko ana yi wa ɗan gasa tambayoyi 15, kowace da amsoshi huɗu ya zaɓi ɗaya, kuɗin kuma suna hauhawa har zuwa naira miliyan 10. Ana ba shi damar neman agaji sau uku: a cire masa amsoshi biyu na kuskure, ko ya kira wani ta waya, ko ya tambayi 'yan kallo. A shekarar 2009 Aroma Ufodike ya amsa dukkan tambayoyin ya karɓi miliyan goman.

Idan aka ɗora shirin a kan ma'auni, za a ga ya cika sharaɗi na farko da na biyu. Ƙa'idarsa ba ta da ruɗani, amsa kuma ko dai daidai ce ko kuskure. Wannan ya sa ya yi kama da kacici-kacici, kuma mai kallo yana iya ƙaruwa da ilimi. Sai dai akwai bambanci. A kacici-kacici ba a jera wa mutum amsoshi, idan ya kasa sai ya ba da gari. A wannan shiri kuwa wanda bai san komai ba yana iya dacewa sau ɗaya cikin huɗu, in an cire masa biyu kuma sau ɗaya cikin biyu. Ke nan an gauraya sani da sa'a, kuma yawan jinkirin mai gabatarwa da kiɗan da ke tashi kafin a faɗi amsa duk sa'ar suke ƙawatawa.

Inda shirin ya fi rauni shi ne sharaɗi na uku. Da Turanci ake yin sa, kuma abin da ake kira ilimi a cikinsa ilimin boko ne da labarun duniya. Manomin da ya san lokacin shukar albasa a fadamar Wurno, ko masuncin da ya san sunayen kifayen madatsar ruwa ta Goronyo, ko malamin zauren da ya san tarihin zaman Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, babu ɗayansu da saninsa zai kai shi kan wannan kujera. Saƙon da matashin Gandi yake ɗauka shi ne, sanin iyayensa ba abin da za a biya kuɗi a kansa ba ne.

4.3 Big Brother Naija

Asalin wannan shiri daga ƙasar Holan ne a shekarar 1999, sunansa kuma an samo shi daga littafin George Orwell mai suna 1984. An fara na Afirka a 2003, na Nijeriya kuma a 2006, inda Katung Aduwak, ɗan asalin jihar Kaduna, ya zo na ɗaya. Bayan dogon hutu an dawo da shi a 2017, Efe ya ci kyautar da ta kai naira miliyan 25. A 2021 kuwa Whitemoney ya ci wadda ta kai miliyan 90. Tsarinsa shi ne a tara samari da 'yan mata a gida ɗaya na tsawon kimanin mako goma, ana ɗaukar hotonsu dare da rana, ana korar wasu duk mako bisa ƙuri'ar masu kallo.

Mafi yawan sukar da ake yi wa shirin a Arewa ta fuskar tarbiyya ce, wato cuɗanyar maza da mata da rashin suturta jiki. Wannan suka tana da hujja, domin al'adar Bahaushe ta ginu a kan kunya, shirin kuwa yaye sirri ne hajarsa. Amma wannan nazari yana ganin ko da an ajiye batun tarbiyya a gefe, shirin bai tsallake ma'aunin gasa ba. Da farko, babu wata ƙwarewa guda da ake gwadawa. Akwai ƙananan wasanni a cikin gidan, amma ba su ne ke fitar da zakara ba, farin jini ke fitar da shi, farin jini kuwa yakan samu ta rigima da soyayya da tsegumi. Na biyu, nasarar ba a fili take ba. Mai kallo ba ya ganin kisa, alƙaluma kawai ake karanta masa.

Na uku, ita kanta ƙuri'ar ba ɗaya take ga kowa ba. A zagayen 2021 ta intanet ake jefa ta, kuma wanda ke biyan kuɗin tauraron ɗan'adam mafi tsada ya fi samun yawan ƙuri'u. A watan Satumba na wannan shekarar, daidai lokacin da shirin ke gab da ƙarewa, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Rabah da Goronyo. Alƙalancin da ake cewa na jama'a ne, ashe na jama'ar da ke da layi da kuɗi ne. Wannan yanki ne da a watan Yuli na 2018 aka kai wa ƙauyen Tabanni hari, mutane suka gudo cikin garin Gandi. Matashin da aka raba da gonar gidansu, in ya zauna a gidan kallo ya ga an ba mutum miliyoyi don zaman mako goma, ba ƙaramin darasi yake ɗauka ba game da darajar wahala da darajar nuna kai.

4.4 Musabaƙar Alƙur'ani Mai Girma

Kafin a shiga wannan sashe ya kamata a yi togaciya. Karatun Alƙur'ani ibada ne, ba wasa ba ne. Abin da ake nazari a nan shi ne musabaƙa a matsayin shirin da ake nunawa a talabijin, mai 'yan takara da alƙalai da kyaututtuka.

An fara musabaƙa ta ƙasa a shekarar 1986 a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta jami'ar da ke Sakkwato, wadda aka sa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Ana farawa daga matakin ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa ƙasa, jihohi kuma suna karɓar baƙuncinta bi da bi. Akwai ɓangaren maza da na mata, da rukunoni tun daga izu 2 har zuwa izu 60 da tafsiri. Daga cikin waɗanda suka yi fice ake zaɓen wakilan Nijeriya a gasannin duniya, kamar ta Sarki Abdul'aziz da ake yi a Makka.

A wajen sharaɗi na farko da na biyu musabaƙa ta fi sauran biyun nesa ba kusa ba. Ana ja wa ɗan takara baƙi ya ci gaba da ka, alƙalai suna bi, in ya yi kuskure a ankarar da shi a rage maki. Babu amsoshi huɗu, babu kiran aboki, babu ƙuri'a. Mai kallon da ya yi karatun allo yana iya buɗe Alƙur'ani ya bi da kansa, ya ji inda aka yi tuntuɓe. Haka kuma ta cika sharaɗi na huɗu, domin ana kiran wanda ya yi nasara gwarzo ko gwarzuwa, ana ambaton jiharsa, kuma sunan yana komawa ga malaminsa da garinsu. Ƙari a kan haka, ta ba 'ya mace Bahaushiya fagen da za ta yi fice a bainar jama'a ba tare da ta zubar da mutuncinta ba.

Duk da haka akwai wurare biyu da ke bukatar gyara. Na farko ya shafi buɗe ƙofa. Makarantun allo na gargajiya, waɗanda su ne ginshiƙin karatu a karkarar gabashin Sakkwato, da ruwayar Warshu suka gaji karatu, kuma sun fi ba da ƙarfi ga hadda da rubutu. Islamiyyun zamani kuwa sun fi karkata ga ruwayar Hafsu da darasin tajwidi da gyaran murya, waɗanda su ne ke ɗaukar maki mai yawa a gaban alƙalai. Saboda haka gardin ƙauye da ya iya rubuta Alƙur'ani da ka yana iya zama a bayan ɗalibin birni, ba don ya gaza shi sani ba, sai don ba a tanadi maki ga irin nasa sanin ba.

Na biyu ya shafi yadda talabijin take nuna taron. Sau da yawa ranar rufewa ta fi samun lokaci a kan ranakun karatu, kyamara kuma ta fi tsayawa a kan manyan baƙi da makullan motoci da sanarwar kujerun Makka. Ba laifi ba ne a karrama mahaddaci, amma idan motar ta fi karatun fitowa, to musabaƙa ta fara aron rigar shirye-shiryen da aka ambata a sama, yaron da ke kallo kuma zai iya ɗauka motar ce manufa.

4.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa Who Wants to Be a Millionaire yana saka wa sani, amma sanin boko kaɗai, gauraye da sa'a. Big Brother Naija yana saka wa farin jini, ta hanyar ƙuri'ar da mai kuɗi ya fi rinjaye a cikinta. Musabaƙa ita ce ta fi kusa da ma'aunin da aka kafa, sai dai ƙofarta ba ta gama buɗuwa ga almajirin karkara ba. Abin lura shi ne, dukkan ukun a sharaɗi na uku suka yi rauni, ko da yake raunin wani ya fi na wani. A fagen dambe mutumin Gandi yana iya zama ɗan kallo yau, gobe ya ɗaure hannu. A gaban talabijin kuwa kusan kullum ɗan kallo ne.

Bisa ga wannan, nazarin yana ganin hani kaɗai ba zai wadatar ba, tunda ana kallon gutsattsarin waɗannan shirye-shirye a wayoyin hannu. Abin da ya fi shi ne gidajen talabijin masu watsa shiri da Hausa, irin su NTA Sakkwato da gidan talabijin na Rima da Arewa24, su ƙarfafa gasar kacici-kacici da Hausa a kan noma da tarihi da karin magana da sana'o'in gargajiya, a riƙa fara tace 'yan takara daga gundumomi irin su Gandi. Masu shirya musabaƙa kuma su duba yiwuwar ware rukuni na rubutun Alƙur'ani da ka. A babi na gaba za a kawo taƙaitawa da cikakkun shawarwarin wannan bincike.